Daren Juma'a Biyu

Assalamu alaikum, masu bin labarina a waya. Wata a cikinku ta rubuto mani wai na cika zuƙi, ina aka ga kwamfuta a Dutsin-Ma a shekarar 1988. To ɗiyata, gyara zama. Akwai ta, guda ɗaya tal a kamfaninmu, kuma ni Luba ni ke zama gabanta. Yau zan ba ku abin da ko 'ya'yana ban taɓa ba su cikakkenshi ba: yadda na kusa kashe aurena da yatsa ɗaya tun kafin a ɗaura shi.

Shekarata ashirin da ɗaya lokacin, na gama koyon buga tafireta a Katsina. Aka buɗe wani ƙaramin kamfanin madara a kan hanyar Kurfi, inda matan Fulani ke kawo nono da sassafe daga wajen Karofi da Dabawa, a dafa shi a inji, a ɗura a leda. Suka nemi mai buga takardu, aka kira sunana. Babana, wanda duk unguwa ke kira Malam, mai karantar da manya littattafan fiƙihu ne a zaurenmu, kuma kwana uku ya yi yana auna maganar aikin. A na huɗu ya kira ni.

"Ki je," ya ce. "Amma ran da aka kawo mani ƙararki, ran nan kin gama aiki."

"To, Baba."

Ku riƙe wannan maganar, za ta dawo.

Ɗakin da suka sa ni ƙarami ne, da na'urar sanyi, ba don ni ba, don kwamfutar. Fuskarta baƙa, rubutunta kore, in ka daɗe kana kallo sai ka rufe ido ka ci gaba da ganin haruffa. Aikinta shi ne tsara mako: wace rana za a yi madara, wace rana kindirmo, wace sa'a za a wanke bututu. Don bututun nan da manyan tankuna ba kwance su ake yi a wanke kamar tukunya ba. A inda suke ake wanke su, a tura ruwa ya zaga ciki ya fito. Wankin kuma hawa uku ne. Akwai ɗauraya da ruwa zalla, minti ashirin. Akwai wankin soda da ruwan zafi. Sai babban wanki, soda, ɗauraya, ruwan magani mai tsami, a sake ɗauraya, awa biyu cur. Ni ke shigar da dokokin, kwamfuta ta jera su, injin bugawa ya fitar da takardar aikin kowace rana yana ƙara kamar ana yaga atamfa.

Wanda ke karɓar takardar ya yi wankin, shi ne Maniru.

Kai, jama'a. Ku bar ni in numfasa tukun.

Mutumin Birchi ne, can ƙasar Kurfi, dogo, mai ɗan saje, kullum cikin shuɗin kakin aiki da takalmin roba fari. Ba ya da yawan magana, amma in ya yi murmushi sai in manta layin da nake bugawa. Tsakanin ɗakina da zauren injina akwai tagar gilashi. Da la'asar in ya kunna wanki, ruwa ya fara gudu cikin bututu, ƙarar takan yi kama da ruwan sama a kan kwano, tururi ya lulluɓe gilashin, in riƙa hango shi dishi-dishi yana taɓa wannan, yana murɗa wancan. Nan fa sai in tafi. In ga kaina a wani gida a Birchi mai iccen bedi a tsakar gida, na shimfiɗa tabarma, na dama fura, ina jin ƙarar kekenshi daga nesa. Har labulen ƙofar na zaɓa a raina, mai ruwan ƙwai da furanni. Sai kwamfuta ta yi ƙit, in dawo Dutsin-Ma.

Ku 'yan yanzu kuna da waya, mu takardar wanki muke da ita. Kowace safiya yakan dawo mani da ta jiya, ya yi alama a kan abin da ya gama, in duba in mayar mashi ya adana. Can ƙasa, da fensir, sai ya yi ɗan rubutu da ajami, don ya san injiniyanmu ba ya karanta shi.

"Gyalen jiya ya yi maki kyau."

"Na ga lallen. Wa ya ƙunsa maki?"

"An yi ruwa a Birchi. Na shuka wake, na tuna ki."

Ni kuma a takardar akwai layi guda na ƙarin bayani, wanda kowa ke iya gani, don haka sai in buga abin da ba za a kama ni ba. "A kula da ruwan zafi." Shi ya san mi nake nufi. Wata rana na buga, "Aikin jiya ya yi kyau ƙwarai." Ya kwana biyu yana tafiya kamar an ba shi sarauta.

Bayan ƙaramar salla ya turo aka gaida Malam. Malam ya yi bincikenshi, ya ce ba laifi, baffanninshi su shirya zuwa neman aure, zai sa masu rana. Innata har ta fara fito da kwanukan da ta ɓoye ƙarƙashin gado tana gogewa. Gwaggo Yahanasu ce kaɗai, ƙanwar Malam, ta taɓe baki.

"Mai wanke-wanke? Duk samarin garin nan, Luba, ki rasa wa za ki kawo sai mai wanke-wanke?"

"Gwaggo, inji yake wankewa."

"Inji ko akushi, ai dai wanki ne."

A cikin watan nan ne kamfani ya fara yin kindirmo, ranar Juma'a kaɗai. Injiniyan namu, Oga Gidiyon, mutumin Filato ne, bai fi shekara ba da zuwa garin. Hausa a bakinshi kamar ruwa, mutumin kirki, sai dai gaggawa. Ya leƙo ɗakina wata Litinin da sukudireba a hannu.

"Malama Luba, ƙara doka ɗaya. Babban wanki, daren Juma'a, ƙarfe bakwai, kowane sati."

"To, Oga."

Ya wuce. Ni kuwa idona na kan gilashi, Maniru na naɗe tiyo. Daren Juma'a ai ba abin tambaya ba ne a gidanmu. Shi ne daren da Inna ke sa turaren wuta tun magariba, Malam ya daɗe a kan buzu, a jiƙa shinkafar wainar sadakar safe. Rana ta faɗi ran Alhamis, an shiga daren Juma'a. Na sa yatsa na danna haruffa ukun nan na Turanci masu nufin Alhamis, na sa ƙarfe bakwai, na adana. Ban tambayi dalilin dokar ba. Ku faɗi gaskiya, ku da me za ku danna?

Asabar ta farko, madara ta tsinke a leda kafin ta kwana. Aka ce zafin gari ne. Asabar ta biyu, masu shaguna suka dawo da ita kwali-kwali, aka ce ko Fulani sun kawo nonon da ya kwana. Dina, ƙanwar Oga Gidiyon, ita ke gwada madara a ɗakin gwaji, kuma ita ce ƙawata a wurin. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta ce nonon lafiyarshi lau, daga bututu ne.

Oga ya leƙo. "Malama Luba, kin sa babban wankin nan daren Juma'a?"

"Na sa, Oga."

"Yauwa. Na sani ke ba ki kuskure."

Har wani daɗi na ji. Allah sarki ni.

Asabar ta uku ma haka. Ran Litinin ina zaune sai na hango ta gilashi Oga Gidiyon da Maniru tsaye gaban babban tanki, ma'aikata sun kewaye su. Ba na jin mi suke cewa, na'urar sanyi na gurnani. Na ga Maniru ya ɗaga yatsa sama, alamar rantsuwa. Na ga Oga na nuna ƙirjinshi, yana nuna ƙofa. Sai na ga Maniru ya buɗe baki zai yi magana, ya juyo ya kalli tagata, ya daɗe yana kallo. Ya rufe bakin. Ya cire farin takalmin, ya jera shi gefen bango, ya fita da silifas.

Dina ta shigo da gudu. "Ƙawata, an dakatar da mutuminki."

"Mi ya yi?"

"Yayana ya tambaye shi ko yana yin babban wanki daren Juma'a, ya rantse da Allah bai taɓa tsallakewa ba. Alhali Yayana ya zo da kanshi ya duba, ya tarar da ƙofa a kulle. An ce ya zauna gida, ran Asabar manaja zai ba shi takardar sallama."

Ban san sanda na miƙe ba. Maniru? Rantsuwar ƙarya? Mutumin da in ya tsinci biro a ƙasa sai ya zaga da shi ofis-ofis?

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Dutsin-Ma ce fa. Na tarar da Gwaggo Yahanasu zaune kan kujerar tsakar gida, ta cire gyale ta aza a kafaɗa, tana tsince shinkafar da ba a sa ta ba.

"Sannu da aiki, amaryar mai wanke-wanke. Ashe wankin ma ba ya yi."

"Gwaggo, don Allah."

"Don Allah mi? Mutum ya shayar da gari ruɓaɓɓen nono sati uku, ya kuma ɗaga yatsa ya rantse. Wannan za a kawo mana zaure?"

Inna ta ci gaba da aikinta. Amma na lura kwanukan da ta fito da su sun koma ƙarƙashin gado, kuma wannan ya fi maganar Gwaggo yi mani ciwo.

Bayan la'asar Malam ya kira ni. Na durƙusa bakin ƙofar ɗakinshi, yana juya takardun littafi bai ɗago ba.

"Luba, kin ji abin da ake faɗa."

"Na ji, Baba. Wallahi ba halinshi ba ne."

"Kar ki rantse kan abin da ba ki gani ba. Talauci ba ya hana ni ba mutum ɗiyata, sana'a ma ba ta hana ni. Amma wanda ya kira sunan Allah a kan ƙarya don ya tsare aikinshi, gobe mi zai hana ya kira shi a kanki? In Asabar ta zo aka sallame shi a kan wannan, zan aika Birchi in ce baffanninshi su huta."

Na koma ɗaki na kifa kai kan gado na yi kuka mai isata. Ina son shi, kuma a ranar na san iyakar son da nake mashi.

Satin nan ban san yadda na yi shi ba. Wani ne ke karɓar takardar wanki, ya dawo da ita ƙasanta fari fat, ba ajami, ba wake, ba lalle. Da la'asar ruwa ya zaga cikin bututu, tururi ya rufe gilashi, in ga kamar shi ne tsaye can, sai tururin ya washe in ga bango. Gidan Birchi da nake ginawa a raina ma ya ƙi zama. In shimfiɗa tabarmar, in dama furar, keken ya ƙi isowa. Abin da ya fi ci mani rai, bai aiko da ko kalma ɗaya ba. Har na fara jin haushinshi. In ba ka yi ba, bawan Allah, ka buɗe baki mana!

Ran Juma'a da yamma, saura kwana ɗaya, ina rufe kwamfuta da mayafinta, Dina ta shigo ta ci ado, siket da riga na atamfa shuɗiya, ta ɗaura ɗankwali ya miƙe.

"Ina zuwa haka?" na ce, don dai in ce wani abu.

"Koyon waƙa a coci. Ai kin san kowane daren Juma'a muke yi."

"To ai kin makara, daren Juma'a ya wuce tun jiya."

Ta yi dariya. "Ke Luba, tunanin Maniru ya juya maki kai. Yau ce Juma'a. In dare ya yi, daren mi ke nan?"

"Daren Asabar mana."

"Daren Asabar kuma? Asabar ɗin da ba ta zo ba?"

Muka tsaya muna kallon juna.

"Dina," na ce a hankali, "ran da Oga ya zo ya tarar da ƙofa a kulle, wace rana ce?"

"Juma'a, bayan an kira sallarku ta magariba. Ya ma faɗa mashi haka a gaban kowa. Ya ce, na zo Juma'a bayan magariba, ina kake? Shi ne mutuminki ya yi tsit."

Innalillahi. Na yaye mayafin kwamfutar, na kunna, na nemo dokar. Ga ta nan, kore shar, haruffa uku: Alhamis. Kowace Alhamis Maniru na tsayawa har bayan isha'i yana wanke bututun da ba su da wata matsala. Ran Juma'a a yi kindirmo, takarda ta ce mashi ɗauraya kawai, ya ɗauraye ya hau kekenshi. Asabar madara ta bi ta kan sauran tsamin kindirmo ta tsinke. Rantsuwarshi gaskiya ce. Maganar Oga ma gaskiya ce. Yatsana ne a tsakiya.

Sai kuma ɗayan abin ya faɗo mani, wanda ya sa na zauna ƙasa dirshan da sabon zanena. Ya gane. Tun a gaban tankin, da aka ce mashi Juma'a bayan magariba, ya gane. Takardun suna wurinshi, da ya zaro ɗaya ya nuna, magana ta ƙare. Amma ya san wa ya buga su, kuma ya san sharaɗin Malam, don ni da bakina na faɗa mashi. Kallon da ya yi ma tagata ke nan. Ni kuwa ina nan ina jin haushinshi.

Ba zan yi maku ƙarya ba, tunda na ce yau gaskiya zan faɗa. Shaiɗan ya zo mani. Ya ce, Luba, danna uku ne, ki mai da ita Juma'a ki adana, wa zai sani? Madarar gobe ta yi kyau, ki ci gaba da aikinki. Har na aza yatsa. Sai na ga ai in madarar gobe ta yi kyau bayan an kore shi, na gama tabbatar ma duniya shi ne mai laifin.

"Dina, Oga na nan?"

"Yana wajen janareto."

Ban ko gyara gyale ba. Na same shi hannu duk baƙin mai, na ce ya zo ya ga wani abu. Ya sunkuya gaban kwamfutar, ya karanta, ya sake karantawa.

"Wa ya sa Alhamis?"

"Ni ce, Oga. Ka ce daren Juma'a. A wurinmu dare ke riga rana, daren Juma'a shi ne in rana ta faɗi ran Alhamis."

Ya dafe kai da hannun man nan, ya bar baƙi a goshi. "Yesu Almasihu. Shekara guda ina garin nan ba wanda ya faɗa mani! To shi mi ya hana shi magana?"

Na sunkuyar da kai. Dina ta ce, "Yaya, kai ma dai." Ya dube ni, ya dubi ƙanwarshi, sai ya ce, "Oh."

Ya ja kujera. "Gyara ta, mai da ita Juma'a. Yau ni zan yi wankin da kaina."

Nan fa karatun zaure da nake saurare ta bayan labule tun ina ƙarama ya yi mani rana. Na ce, "Oga, in an yarda in yi magana. Mi ya sa za a ɗaura wankin a kan rana? Mu alwala ba a ce mana ku yi ta ran kaza. Abin da ya warware ta ake dubawa. In wata rana aka mai da kindirmo Talata fa?"

Ya jawo littafin kwamfutar mai kauri, ya yi ta buɗawa, sai ga shi, ashe akwai wurin da ake sa irin wannan dokar, ba mu taɓa buɗe shi ba. Yana karantawa ina bugawa. In an gama kindirmo, kafin madara ta shiga, babban wanki. In an gama madara za a shiga kindirmo, wankin soda ya isa. In inji ya zauna fiye da awa huɗu ba aiki, a ɗauraye kafin a tashe shi. Na goge tsohuwar dokar. Kwamfuta ta yi ɗan tunaninta, ta jera makon, babban wanki ya faɗa inda ya kamata da kanshi.

"Da safe zan ga manaja," ya ce. "Daga nan sai gidanku. Da bakina na ɓata sunan yaron nan, da bakina zan gyara."

"Oga, in ka je gidanmu, aikina ya ƙare."

"To in fasa?"

"A'a," na ce. "Ka je."

Ban jira shi ba ma. Asabar da hantsi, kafin ɗalibai su taru, na durƙusa ƙofar Malam na zayyane mashi komai, har da yatsan da na aza zan goge. Bai katse ni ba. Ina rufe baki aka yi sallama, ga ƙarar babur ta mutu a waje. Na koma bayan labulen zaure, Gwaggo Yahanasu ta matso ta manne da ni, wai ita ma tsintsiya take nema.

Oga Gidiyon ya cire takalmi, ya zauna ƙasa, ya gaida Malam kamar ɗan gari. Ya ce madarar yau ta fito lafiya, manaja ya yaga takardar sallama, kuma shi ya zo ya janye kalmar maƙaryaci da ya jefi Maniru da ita.

Malam ya ce, "Injiniya, kai ka faɗi daren da ka sani, ita ta buga daren da ta sani, shi ya rantse a kan daren da ya yi aiki. Ban ga maƙaryaci a cikinku ba." Ya ɗan ɗaga murya. "Luba, na san kina nan."

"Na'am, Baba."

"Na ce ran da aka kawo mani ƙararki kin gama aiki. Ba a kawo ba, ke kika riga kowa kawo kanki. Ki koma ran Litinin. Amma daga yau in an ba ki umarni, ki tambayi dalilinshi."

Hawaye suka zubo mani. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce ƙasa-ƙasa, "To ai ni dama ban ce yaron banza ba ne." Ikon Allah!

"Shi kuma," Malam ya ci gaba, "rantsuwarshi ta tsaya. Shirun da ya yi ne ban gama da shi ba. Mutum ya bari a kira shi maƙaryaci kwana biyar, ina so in ji daga bakinshi don mi. Injiniya, tunda kana da abin hawa, ka isar mani Birchi. Ka ce ya zo shi da baffanninshi daren Litinin."

Oga ya ce to, ya sa takalmi, ya tada babur. Sai da ƙarar ta yi nisa na dafe ƙirji. Daren Litinin! A bakin Oga Gidiyon! Gwaggo ta ce mi ya faru kuma, na ce Malam na nufin in rana ta faɗi ran Lahadi, Oga kuwa zai ɗauka ran Litinin ne. Inna dai tuni ta duƙa tana jawo kwanuka daga ƙarƙashin gado.

Wunin nan kunnena na bakin ƙofa na yi shi. Hadari ya taso ta gabas, ya tsaya kan duwatsu bai sauka ba, iska na kawo ƙamshin ƙasar da aka yi ma ruwa a wani wuri. Na zauna na tashi, na canza ɗankwali sau uku ba inda za ni. Gab da la'asar Dina ta yi sallama, ta ja ni ɗaki, ta zaro wasu takardu uku a ninke daga jakarta.

"Yayana ya same shi a gona yana noman wake. Waɗannan a aljihunshi suke, ya ce a ba ki, shi ya gama tsaronsu."

Takardun wankin Alhamis uku ne, sun yi laushi don ninki, duk zufa ta taɓa su. Ga haruffan nan nawa a sama, ga alamarshi a kan kowane layi, bai tsallake ko ɗaya ba. Na juya ta ƙarshen. Can ƙasa, da fensir, da ajamin nan nashi mai kwanciya gefe guda, ya rubuta:

"An ce daren Litinin. Tunda Oga ne ya kawo saƙon, zan zo duka biyun."

Na karanta, na yi dariya, na yi kuka, Dina na tambayata mi ya ce, mi ya ce. Na leƙa tsakar gida na ce ma Inna ta jiƙa shinkafar kwana biyu.